Karatun muhalli da makamashi a Saudiyya: jagora ga 'ya'yan Hausawa

Duk shekara idan sakamakon jarrabawa ya fito, maganar da ke yawo a gidajen Hausawan Makka da Jidda da Madina ba ta wuce uku: likitanci, injiniyanci, kwamfuta. Karatun muhalli kuwa sai yaron da makinsa bai kai ba ake turawa can, a ce ya yi haƙuri da shi. Wannan lissafin ya tsufa. Tun da aka ƙaddamar da shirin Ru'uya 2030, wato tsarin gwamnatin Saudiyya na sauya tattalin arziki, a shekarar 2016, ƙasar nan take zuba kuɗi a wannan ɓangare. A 2021 gwamnati ta yi alkawarin dasa itatuwa biliyan 10, da samar da rabin wutar lantarki daga rana da iska da makamantansu kafin 2030, da daidaita hayaƙin da take fitarwa zuwa 2060. An kafa cibiyoyi na ƙasa masu zaman kansu: ta sa ido kan bin dokar muhalli, ta kula da shara, ta tsirrai da yaƙi da hamada, ta namun daji, ta hasashen yanayi. An yi sabuwar dokar muhalli a 2020. A Disamban 2024 Riyad ta karɓi baƙuncin taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kwararowar hamada.

Aiki dai akwai. Amma ba sunan kwas ake ɗauka aiki ba. Kamfani mai son injiniya ko mai duba muhalli yana neman wanda zai riƙe na'ura ya auna, ya zauna ya lissafa, ya rubuta rahoton da hukuma za ta karɓa. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: takardunka

Kafin ka buɗe shafin kowace jami'a, ka san ƙofar da ta dace da kai, domin mu Hausawan ƙasar nan ba matsayinmu ɗaya ba.

Wanda yake ɗan ƙasa, hanyarsa a buɗe take: jami'ar gwamnati kyauta, ga alawus na wata-wata, ga kwalejojin fasaha na hukumar horar da sana'o'i. Wanda mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, ko da shi ba ɗan ƙasa ba ne, a wajen ɗaukar ɗalibai ana bi da shi kamar ɗan ƙasa, sai dai ya tanadi takardun da ke tabbatar da hakan da wuri. Wanda aka haifa a nan yana zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, shi ƙofarsa ita ce manha, wato gurbin tallafin karatu, ta cikin gida, kuma kujerunta kaɗan ne. Wanda yake Kano ko Zinder yana son zuwa, shi kuma manha ta waje zai nema.

A dokar manha, mai neman digirin farko shekarunsa su kasance tsakanin 17 da 25, mai neman na biyu kada ya wuce 30, mai neman na uku kada ya wuce 35. Yawancin jami'o'i ba sa karɓar takardar sakandare da ta haura shekara biyar da fitowa. Wannan sharaɗi yana kayar da yara da yawa a unguwanninmu: yaro ya gama sakandare ya shiga taya mahaifinsa kasuwa ko aikin mahajjata, kafin ya waiwayo lokaci ya ƙure.

Ga iyaye kuma, iƙamar yaro ta kasance da rai a ranar da zai cike takarda, sunansa kuma ya zama iri ɗaya a fasfo da iƙama da takardar makaranta. Harafi ɗaya ya bambanta, tsakanin Usman da Uthman ko Hauwa da Hawwa, yana iya tsayar da fayil har a rufe ɗauka. A gyara tun yaro yana aji biyu na sakandare.

Mataki na biyu: maki

Tun 2021 sakandaren Saudiyya ta koma tsarin masarat, inda ɗalibi ke zaɓar layi bayan shekarar farko. Mai son wannan fanni ya tsaya a layin gama-gari ko na kwamfuta da injiniyanci. Layin shari'a da na kasuwanci suna da nasu amfani, amma ba za su kai ka ɗakin gwajin ruwa ba.

Sai jarrabawa biyu na cibiyar Ƙiyas: ƙudurat, mai auna fahimtar harshe da lissafi, da tahsili, mai auna abin da ka karanta a lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji. Jami'a tana haɗa su da makin sakandare ta fitar da nisba, wato jimlar makin shiga. Kowace jami'a da nata awo, amma wanda aka fi gani a kwalejojin kimiyya shi ne 30 na sakandare, 30 na ƙudurat, 40 na tahsili.

Bari mu lissafa. Yarinya ta sami 95 a sakandare, 80 a ƙudurat, 75 a tahsili. Na farko ya ba ta 28.5, na biyu 24, na uku 30, jimla 82.5. Idan ta sake zama ta ɗaga tahsili zuwa 85, nisbarta ta koma 86.5. Da a ce sakandaren ta ɗaga daga 95 zuwa 100 cif, abin da za ta ƙaru da shi 1.5 ne kawai. To ka ga inda ya kamata a kashe dare. Gidaje da yawa suna biki kan makin makaranta, alhali tahsili ne ke raba gardama. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa, ya sa a ransa cewa nisbar da za ta shigar da maƙwabcinsa ba lalle ta shigar da shi ba, domin shi da zaratan 'ya'yan baƙi na kowace ƙasa yake takara a kan 'yan kujeru.

Mataki na uku: wane reshe?

A nan aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe.

Reshe na farko shi ne kimiyyar muhalli. Ɗalibi zai koyi ɗaukar samfurin ruwa da ƙasa da iska, ya gano abin da ya gurɓata su, ya koyi dokoki, ya koyi rubuta rahoton tasirin da wani aiki zai yi wa muhalli kafin a ba shi izini. Ƙarƙashinsa akwai ilimin yanayi, da ilimin ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa, da noman busassun yankuna. Duk wanda ya zauna Jidda a Nuwamban 2009 ba ya buƙatar a gaya masa amfanin wannan ilimi. Ruwan 'yan sa'o'i ya biyo kwaruruka da aka yi gini a kansu, ya ci rayuka fiye da ɗari, sannan gari ya kwana da fargabar fashewar tafkin ƙazanta da ke gabashinsa, wanda aka yi wa laƙabi da tafkin miski don ba'a. Bayan haka ne aka gina madatsai da magudanai, aka janye tafkin. Masu sanin inda ruwa zai bi idan ya sauka a kan duwatsun Hijaz, daga wannan reshe suke fitowa.

Reshe na biyu injiniyancin muhalli ne da na ruwa. Bambancinsa da na farko: wancan yana gano matsala, wannan yana gina maganinta. Matatar ruwan teku, tashar tace ruwan masai, wurin binne shara, injin tace hayaƙin masana'anta. Ruwan da ke zuwa famfon Makka da Jidda da Ɗa'if, mafi yawansa daga matatun Shu'aiba ne a gaɓar Bahar Maliya. Matatar Ra'asul Khair a gabas tana fitar da kusan mita kubik miliyan ɗaya a rana. Kowace lita wuta ta ci kafin ta rabu da gishiri, ruwan gishirin da ya rage kuma teku ake mayar da shi, kuma yadda za a rage ɓarnar wannan shi ne abin da ake ta bincike a kai. Ga kuma kwanakin Mina, inda mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi ke taruwa a kwari ɗaya, kowa da robar ruwansa da kwalin abincinsa. Yaron Makka da ya taso yana aikin hajji ya san wannan sharar da idonsa da hancinsa, ya riga abokan karatunsa da nisa.

Reshe na uku makamashi ne. Shawarata a nan ba kowa zai so ta ba: a digirin farko ka karanta injiniyancin lantarki ko na injina tsantsa, ka bar makamashin rana da na iska ya zama ƙwarewa a shekarun ƙarshe ko a digiri na biyu. Dalili kuwa, tashar rana ta Sakaka mai megawat 300, da ta iska ta Dumatul Jandal mai megawat 400, da ta Sudair mai megawat 1,500, da masana'antar haidurojin da ake ginawa a sabon yankin NEOM, duk suna cin ma'aikata da yawa lokacin gini, amma idan an gama 'yan kaɗan ke gudanar da su. Mai takardar lantarki idan babu tashar rana zai yi aiki a otal, a asibiti, a masana'anta. Mai takardar da aka ƙuntata sunanta zai yi ta bayani a gaban masu ɗaukar aiki.

Sai abin da ake kira ɗorewa, wato tsara yadda kamfani ko gari zai yi aikinsa ba tare da cinye na gobe ba. Fanni ne na gaske, manyan kamfanoni yanzu suna fitar da rahotonsa kowace shekara. Amma a ganina ya fi kyau a ɗora shi a kan wani abu. Wanda ya yi injiniyanci ko kimiyya ko akanta ya ƙara da shi, ya yi daidai. Wanda ya fara da shi tun daga tushe yakan fito da kalmomi masu daɗi da hannu wofi.

Akwai kuma lafiyar muhalli, da ke ƙarƙashin kwalejojin lafiyar al'umma: duba gidajen abinci, ruwan sha, sauro, zafin rana a wurin aiki. Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka kuma mutum fiye da 1,300 suka rasu, ya nuna girman wannan aiki.

Mataki na huɗu: wace jami'a?

Ga mutanen yamma, Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda ita ce gidan wannan karatu tun da daɗewa, da kwalejinta da aka sani da ta yanayi da muhalli da noman busassun yankuna, ga kuma kwalejin kimiyyar teku. Ummul Ƙura a Makka tana da injiniyanci, tana kuma da cibiyar binciken hajji da umara, wadda ke nazarin iska da ruwa da shara a wuraren ibada. A Madina akwai Ɗaiba, sannan Jami'ar Musulunci, da mutanenmu suka fi sani da shari'a da hadisi, tana da kwalejojin injiniyanci da kimiyya, kuma ita ce mafi buɗe ƙofa ga baƙi maza. A Dammam, Jami'ar Imam Abdurrahman bin Faisal tana ba da digirin injiniyancin muhalli kai tsaye. A Zahran akwai Jami'ar Sarki Fahad ta man fetur da ma'adinai, wadda tushenta ya faro daga 1963, karatunta da Turanci, shigarta da wuya, kuma tun 2021 take ɗaukar mata a digirin farko. A Riyad akwai Jami'ar Sarki Sa'ud. Mai son difloma ya duba kwalejin abinci da muhalli ta Buraida.

Jami'ar Sarki Abdullah ta kimiyya da fasaha, wato KAUST, da ke Suwal, arewa da Jidda, daban take. An buɗe ta a 2009, ta yi suna ne a digiri na biyu da na uku, ba ta tambayar ɗan wace ƙasa ne kai, kuma wanda ta ɗauka ta ɗauke masa kuɗin makaranta da masauki da magani, ga alawus. Bincikenta a kan tace ruwan teku da hasken rana da halittun Bahar Maliya sananne ne a duniya. Ɗan iƙama mai ƙoƙari ya sa ta a gaba tun yana shekarar farko.

Kafin ka zaɓi kowane shiri, ka duba ko hukumar tantance ilimi ta ƙasa ta amince da shi, idan kuma injiniyanci ne ka duba ko yana da amincewar ABET, hukumar Amurka mai tantance karatun injiniyanci. Wannan zai yi maka amfani ranar da za ka kai takardar wata ƙasa. Jami'o'in kuɗi ma suna nan, irin Effat a Jidda da Alfaisal a Riyad, amma a yi lissafin shekara huɗu ko biyar gaba ɗaya kafin a biya zangon farko.

Mataki na biyar: Turanci

Yaranmu da suka taso a nan Larabcinsu ya fi na wasu Larabawan, Hausa kuma ta gida ce. Raunin yana Turanci, kuma littattafan injiniyanci da shi aka rubuta su. Shekarar share fage tana kayar da masu maki 90 saboda wannan kaɗai. Hutun da ke tsakanin sakandare da jami'a a ba shi Turanci. Ka zauna jarrabawar Turanci ta STEP ka ga matsayinka, idan kuma kana hangen KAUST ka nufi 6.5 a IELTS. Wanda ya zo daga Nijeriya matsalarsa akasin haka ce, shi Larabci zai nema, domin rahoton da za a kai wa baladiyya, wato hukumar gari, da Larabci ake rubuta shi.

Mataki na shida: cike takarda

Masu neman manha ta waje, ta dandalin ma'aikatar ilimi mai suna Udrus fis Sa'udiyya ake bi. Za a nemi fasfo, iƙama ga mazauna, takardar sakandare da makinta, hoto, shaidar lafiya, wani lokaci da wasiƙun shaida daga malamai. Mai WAEC ko NECO ya kai takardunsa a buga musu hatimi a ma'aikatun ilimi da na harkokin waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Saudiyya, a fassara su a wurin da aka yarda da shi. Ka karanta sanarwar kowace jami'a ta wannan shekarar, ba ta bara ba, domin wasu kan rufe kwalejojin lafiya ga masu manha, wasu har da injiniyanci, kuma abin yana canzawa. Kada ka jera zaɓi ɗaya a gari ɗaya. Iyaye kan so yaro ya zauna kusa da Harami, amma kujerar da aka rasa a Makka tana iya samuwa a Jazan ko Tabuka ko Jauf, kuma a Jauf ɗin ne tashoshin Sakaka da Dumatul Jandal suke.

Neman manha kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi riyal dubu kaza yana da mutum a ciki, a bar shi da mutuminsa.

Mataki na bakwai: idan ka shiga, koyi awo

Ga aikin da zan ba kowane ɗalibin shekarar farko, kuma ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Ka ɗauko takardar kuɗin wutar gidanku ta watan Agusta. Tun 2018 kuɗin wutar gida halala 18 ne (halala 100 ke riyal ɗaya) kowane kilowat-awa har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura kuma halala 30. Ka je bayan mukayyif ɗin taga, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ɗakin tsohuwa ka karanta ƙaramin allon da ke jikinsa. A ce yana jan kilowat 2. Idan yana aiki awa 12 a rana, a wata ya ci 720, wato kusan riyal 130 kafin haraji. Guda huɗu a gida sun haura riyal 500. Yanzu a ce an canza shi da sabon mukayyif na bango, wato siflit, mai jan kilowat 1.4: ya koma 504, an rage 216 a wata. A gida ɗaya ba wani abu ba ne. Ka kai lissafin ginin mahajjata mai ɗaki 200 a Aziziyya, ka ga an rage 43,200 a wata guda. Wannan shi ne sarrafa makamashi, kuma a ƙasar da sanyaya ɗaki ke cinye mafi yawan wutar gidaje, nan aikin yake. Cibiyar inganta amfani da makamashi da aka kafa a 2010 ita ke bayan takardar nan mai launi-launi da ake mannawa a jikin mukayyif da firij, kamfanin Tarshid kuma, na asusun zuba jari na gwamnati, aikinsa ke nan: shiga gine-ginen gwamnati da fitilun titi ya rage musu ci.

Na ga wata ɗaliba a lokacin horon aiki a ɗakin injin wani otal, ta maƙala mita a wayar famfon sanyi, ta duba, ta sake dubawa, ta juya ga tsohon ma'aikacin wurin, wani dattijo Bahaushe da ya shekara da shekaru a ginin.

"Baba, wannan famfon dare da rana yake aiki?"

"Tun da aka kafa shi, 'yata. Ba a taɓa cewa a kashe ba."

"Ko bayan hajji, da benaye shida ke rufe?"

Dattijon ya yi dariya ya ce, "To ai ke aka aiko ki tambaya. Rubuta, ni zan nuna miki sauran."

Ya kuwa zagaya da ita, ya nuna mata bututun da rufinsa ya zube yana ta gumi, da ƙofar da ba ta rufuwa. Rahotonta daga bakinsa rabinsa ya fito. Idan an tura ka horo, ka nemi irin wannan dattijo kafin ka nemi ofishin manaja.

Abubuwan da za ka fita da su a hannu: Excel har ka ƙware, ɗan abin Python, taswirar kwamfuta ta GIS ga masu muhalli, karanta zanen gini, da sanin dokar gini ta Saudiyya a ɓangaren azil, wato rufin hana zafi shiga gini, da tanadin wuta. Aikin kammalawa kuma ka zaɓi abin da ke kusa da kai wanda za ka iya aunawa: yawan wutar da ƙura ke rage wa farantan sola idan an yi wata ba a wanke ba, ingancin ruwan wayit, wato motocin dakon ruwa, da tankunan unguwa, ruwan alwala na masallaci da yadda za a mayar da shi ban-ruwa, ko darbejiyar Arfa da irin sanyin da inuwarta ke kawowa. Takardun ƙwarewa irin su ISO 14001 da ISO 50001 da NEBOSH da LEED, da tsarin Mustadam na gine-ginen cikin gida, suna da amfani, amma bayan ka san wanda aikinka ke nema. Kada ka tara su don ado.

Mataki na takwas: bayan takarda

Injiniya ba ya aiki a ƙasar nan sai ya yi rajista da hukumar injiniyoyi ta Saudiyya. Ɗan ƙasa yana da shirin Tamhir na horo a wurin aiki, kuma ayyukan cibiyoyin gwamnati nasa ne. Ɗan iƙama kuwa ya san gaskiya tun yanzu: tsarin Niɗaƙat da ya fara a 2011 yana tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa, kuma kason da aka ware musu a injiniyanci ƙaruwa yake yi. Wurinsa yana kamfanonin ba da shawara kan muhalli, da 'yan kwangila, da ɗakunan gwaji masu zaman kansu, da otal-otal, kuma abin da zai sa a riƙe shi shi ne ya iya abin da ba kowa ya iya ba. Harshe uku a baki ba ƙaramin jari ba ne a garin da ke karɓar dubban mahajjata daga Nijeriya da Nijar kowace shekara.

Ya kuma buɗe ƙofa ta biyu. Wanda ya koyi sola a ƙurar Hijaz, ko haƙa da tace ruwa, ko dashe a busasshiyar ƙasa, iliminsa zai yi aiki a Katsina da Agadas ba tare da an canza masa komai ba, ga shirin Babbar Koriyar Ganuwa da ya ratsa ƙasashen biyu, ga hukumar samar da wuta a karkara ta Nijeriya da ke ta kafa ƙananan tashoshin sola. Mai niyyar aiki a Nijeriya zai kai takardarsa ma'aikatar ilimi ta tarayya a tantance, ya yi hidimar ƙasa idan shekarunsa ba su wuce 30 ba lokacin kammalawa, injiniya kuma ya yi rajista da COREN, hukumar injiniyoyi ta Nijeriya. Kafin ka bar jami'a ka karɓi cikakken bayanin darussanka da Turanci mai hatimi, kwafi biyu ko uku, ka kuma sa ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya ta buga wa takardar shaidarka hatimi tun iƙamarka tana da rai, domin nemansu daga nesa bayan an fita wahala ce babba.